Muhawara: Shin Olamfik ce ke ɗaukaka wasan sofbol na mata, ko wasan da ake bugawa a gida?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Tunda an tabbatar wasan sofbol na mata, wato wasan nan mai kama da besbol da ake jefa ƙwallo a buge shi da kulki a zagaya tashoshi, zai dawo Olamfik ta Los Angeles a 2028, ga maganar da nake so mu tattauna, kuma ni a kanta nake tsaye: babu abin da ke ɗaga wannan wasa kamar gasar ƙasa da ƙasa, musamman Olamfik. Ƙasar da ke son wasan ya kafu, ta zuba abin da take da shi a kan tawagar ƙasa, a je waje a fafata da ita, sauran zai biyo baya. Hujjata tarihin wasan kansa. An fara gasar duniya ta mata a 1965 a Melbourne, ƙasashe biyar kacal suka je, Ostareliya ta ɗauki kofi. Aka yi shekara talatin ana bugawa, ba a cika jin labarinsa ba sai a bakin masu buga shi. Da ya shiga Olamfik ta Atlanta a 1996 sai gwamnatoci suka buɗe aljihu. Amurka ta ci zinare, Sin azurfa, Ostareliya tagulla. A 2005 kuma, a Singafo, Kwamitin Olamfik ya kaɗa ƙuri'a, aka tashi 52 da 52, kuma sai da rinjaye wasa ke zama, don haka aka cire shi daga 2012. Ma'aikatun wasanni da yawa ba sa ware kuɗi sai ga wasan da ake cin lambar Olamfik a cikinsa. Ranar da aka cire shi, ranar aka toshe musu hanya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Tarihin da ka kawo daidai ne, amma abin da ka ciro daga ciki ban yarda da shi ba. Daga Beijing 2008 zuwa Tokyo da aka buga a 2021, shekara goma sha uku ke nan babu sofbol a Olamfik. In maganarka ce, ya kamata a ce wasan ya durƙushe a Amurka a wannan tsakanin. Sai ga shi a lokacin ne ya fi bunƙasa. Abin da ya riƙe shi makaranta ce. Dokar Title IX ta 1972 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mata da maza, har a wasanni, sai jami'o'i suka kafa ƙungiyoyin mata, suka ba da tallafin karatu. Ƙungiyar jami'a mai matakin farko ana ba ta damar buga wasa har 56 a kaka ɗaya kafin a shiga gasar cin kofi. Ƙarshen gasar kuma a Oklahoma City ake yi tun 1990, in ban da 1996, a filin da yanzu ke ɗaukar mutum kusan 13,000, ana nunawa kai tsaye a tashar talabijin ta wasanni ESPN. Ka lura da wannan Malam: masu shirya Olamfik ta 2028 ba a Los Angeles za su buga sofbol ba. Oklahoma City za su kai shi, tazarar kusan kilomita 2,000, saboda can fili yake, can 'yan kallo suke. Olamfik ce ta bi wasan jami'a gida.

Malam Nasiru: Hajiya, Amurka ba mudun awo ba ce. Wace ƙasa ce kuma take da jami'o'i ɗaruruwa masu kuɗin biyan koci da jirgi? Duba Japan. Abin da mai jifarta Yukiko Ueno ta yi a Olamfik ta Beijing shi ya sa duk ƙasar ta san wasan.

Sadiya: Bari in cika wannan, don ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla. Ranar 20 ga Agusta 2008 Ueno ta yi jifa 147 a wasa da Amurka, aka kai zagaye tara, Japan ta sha kashi. A ranar dai ta koma ta yi jifa 171 da Ostareliya, zagaye goma sha biyu, suka ci 4 da 3. Washegari ta yi 95 a wasan ƙarshe suka doke Amurka 3 da 1. Jifa 413 cikin kwana biyu. Wannan ba musu, Olamfik ce ta sa duniya ta gani.

Amma Yaya Nasiru, tambayi kanka me ya riƙe ta daga nan zuwa 2021. Tana da shekara 26 a Beijing, tana da 39 da ta sake cin zinare a Olamfik ta Tokyo, a filin Yokohama, 2 da nema a kan Amurka. Mace ba ta zama shekara goma sha uku tana jiran gasa da yunwa. Ƙungiyar kamfani ce a Takasaki ke biyan ta, tana buga lig duk shekara. Haka tsarin Japan yake, kamfanoni irin su Toyota da Hitachi da Honda da Denso da Bic Camera kowanne da ƙungiyarsa, 'yan wasa da albashi. A 2022 aka sake fasalinsa zuwa JD.League mai ƙungiyoyi 16. Ita kanta Monica Abbott, mai jifar tawagar Amurka, shekaru ta yi tana yi wa Toyota jifa. A Amurka kuwa lig ɗin ƙwararru ta NPF da aka fara a 2004 ta yi ta tangal-tangal har ta rufe a 2021, duk da zinare ukun da ƙasar ta ci. Zinare bai biya albashin kowa ba. Sai a 2025 aka buɗe sabon lig na AUSL da ƙungiyoyi huɗu, babban lig ɗin besbol na Amurka, MLB, ya sa kuɗi a ciki.

Alhaji Bala: Ku bar manyan ƙasashe tukuna, mu yi lissafin ƙaramar ƙasa, don a kanta shawarar Nasiru za ta faɗa. Wasa zagaye bakwai ne. Amma a dokar WBSC, hukumar besbol da sofbol ta duniya, in an ba ku ratar ci 15 bayan zagaye uku, ko 10 bayan huɗu, ko 7 bayan biyar, alƙali zai tashi wasan. To ku ɗauka an kai tawaga mai rauni rukunin ƙasashe shida, wasa biyar ke nan. In aka tashi wasa a zagaye na uku, an fitar da mutum tara, tunda mutum uku ake fitarwa a kowane zagaye, kuma jerin masu bugu mutum tara ne. Ma'ana kowace yarinya sau ɗaya ta tsaya da kulki, wadda ta yi sa'a sau biyu. Wasa biyar, tsayuwa biyar zuwa goma, mafi yawansu ba ta ko taɓa ƙwallon ba. Wadda ke benci ma ba a maganarta. Domin wannan aka sayi tikitin jirgi na mutum ashirin da wani abu, aka biya biza da masauki da abinci. Wannan kuɗin in aka bar shi a gida zai iya ɗaukar nauyin lig na ƙungiyoyi shida ko takwas, kowace yarinya ta tsaya da kulki sau uku a kowane wasa, mako bayan mako. Ƙungiya shida, gida da waje, wasa goma ne ga kowacce, tsayuwa talatin. Wanne ya fi koyarwa?

Malam Nasiru: Ranka ya daɗe, lissafin ya fita, amma akwai abin da bai ƙirga ba. Na farko, kuɗin nan ba a ajiye yake yana jiran a zaɓa masa hanya ba. Ma'aikata tana sakin kuɗi ne don an ce tawagar ƙasa za ta je ta ɗaga tuta. Ka je ka ce lig na 'yan mata za ka yi a filin makaranta, ka ga ko fayil ɗin zai motsa. Tallafin Olympic Solidarity, asusun taimako na Kwamitin Olamfik na duniya, ma ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa yake bi, kuma wasannin da ke cikin jadawalin Olamfik ne ke gaba. Na biyu, akwai abin da ba a koyo a gida. Tazarar mai jifa da mai bugu mita 13.11 ce, kuma kafin ta saki ƙwallo ta ci kusan mita ɗaya da rabi da takunta. Jifa mai gudun kilomita 110 a awa yana isowa cikin abin da bai kai rabin sakan ba, kusan 0.38. Yarinyar da duk rayuwarta jifan kilomita 75 take gani, ba ta san akwai wannan ba sai ta tsaya gabansa. Koci ma sai ya gani da idonsa yake sanin inda aka bar shi.

Malama Zulai: Malam Nasiru ya kawo mu inda maganar take, wato da'irar jifa. Sofbol mai saurin jifa, mai jifa ce rabin ƙungiya, wasu ma su ce fiye. Kuma cin 15 da Baba Alhaji ya ambata, sau da yawa ba bugu ne ke kawo shi ba. Farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, faɗinsa santimita 43 ne, dole ƙwallo ya ratsa kansa tsakanin ƙirji da gwiwar mai bugu. In mai jifa ta kauce sau huɗu, mai bugu ta tafi tasha ta ɗaya kyauta. Uku suka tafi haka, tashoshi sun cika, ta huɗu ci ne ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Sai ta ji tsoro ta rage gudu ta jefa tsakiya, a nan ake yi mata ruwan duka.

Ita kuwa mai jifa ba a yin ta a sansanin mako shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda ake gina ta. Ana farawa da riƙo, yatsu uku a kan ɗinki, babban yatsa a ƙasa, ƙwallo ba ya kwanciya a tafin hannu. Sai murza wuyan hannu daga kusa, mita biyu zuwa uku, har ƙwallo ya riƙa juyawa gaba a miƙe. In aka zagaya ƙwallon da baƙin tef ana ganin layin, in yana karkata an san sakin bai yi ba. Daga nan rabin da'ira, tana tsaye a gicciye, hannu daga sama ya sauko ya goge gefen cinya, a nan ake saki. Sai cikakkiyar da'ira ba taku, sai da'ira tana tafiya, sai a ƙarshe ta hau farantin mai jifa ta tunkuɗa da ƙafa. Tazara ma bi da bi ake ƙarawa. A tsarin Amurka 'yan shekara goma zuwa ƙasa mita 10.67 suke jifa da ƙwallo mai kewayen inci 11, 'yan sha biyu zuwa ƙasa mita 12.19 da mai inci 12, daga nan ne ake kai wa 13.11.

Inda ake ɓaci kuma sananne ne. In ta sunkuya gaba lokacin saki, ƙarfin ƙafa ya zube, saiti ya lalace. In ta rufe ƙugu da wuri, hannu ba shi da hanya, sai ya zagaya ƙugun ya yi nesa da jiki, ƙwallo ya tafi gefe, kafaɗa ta ɗauki nauyin. In ta sandare gwiwar hannu, babu bulala a jifan, gudu ya mutu. In ta yi tsalle ta sake dasa ƙafar baya ta tunkuɗa karo na biyu, alƙali zai kira jifan haram, kuma wadda ta saba da haka a gida saboda babu alƙalin da ya san doka, a gasar waje za a kama ta. Babban kuskuren koci shi ne ya koya mata jifa mai tashi da mai nutsewa da mai lanƙwasa kafin ta iya sa jifa miƙaƙƙe inda take so sau bakwai cikin goma. A fara da miƙaƙƙe, sai na yaudara mai rage gudu da hannu iri ɗaya, sai mai nutsewa. Mai tashi shi ne na ƙarshe, don sai da gudu da juyin baya mai ƙarfi yake aiki, in babu su ƙwallo ne kawai a saitin kulki.

A ganina daga yarinya ta fara zuwa ta tsaya gaban tawagar ƙasa mai ƙarfi, shekara biyar ba ta yi yawa ba, tana jifa kwana uku ko huɗu a mako, tana da mai tarewa da ke tsuguna mata a bayan farantin gida tana cafe jifan, tana kuma buga wasa na gaske. Wace gasar duniya ce za ta ba ta wannan?

Sadiya: Anti Zulai, ƙara musu da maganar 413 ɗin nan, kada wani koci ya karanta ya ɗauka abin koyi ne.

Malama Zulai: Gaskiyarki. Akwai camfin cewa jifan ƙasa ba ya cutar da hannu. Yana cutarwa, gaban kafaɗa da jijiyar dantse da ƙasan baya su ne ke fara kuka. Ƙungiyar da take da mai jifa ɗaya tal za ta sa ta wasa biyar cikin kwana biyar, ta dawo da ita da ciwo. Tawaga tana bukatar uku aƙalla, kuma kafin ka samu uku nagari sai ka fara da ashirin ko talatin a makarantu.

Koci Ɗanladi: Ni kuma ta wajen fili da kaya zan shigo, don ana tsorata mutane da cewa sai an gina filin musamman. Tsakanin tasha da tasha mita 18.29 ne, daga gida zuwa tasha ta biyu a gicciye 25.86. Da igiya da tef ɗin awo da turaku huɗu an gama. Ka auna 18.29 zuwa tasha ta ɗaya, ka ɗaura igiya mai tsawon 36.58 tsakanin gida da inda ka auna tasha ta biyu, ka ja tsakiyarta gefe ɗaya ka samu ta ɗaya, ka ja ɗaya gefen ka samu ta uku. Katangar baya ta mata a gasar duniya mita 67 ce aƙalla. Filin ƙwallon ƙafa mai 105 da 68 yana ɗauka in ka sa gida a kusurwa, layukansa biyu su zama iyakar wasa. Matsala biyu ce. Ana bukatar sarari na mita 7.62 aƙalla a bayan gida da raga mai tare ƙwallo, in babu wuri a bayan kusurwa dole ka matso ciki, sai gefe ɗaya ya gajarta. Ta biyu turakun gola suna kan layi, sai an cire ko an naɗe su da katifa. Tasha ta ɗaya kuma a sa mai biyu, fara da ruwan lemo, mai gudu ta taka ta waje, mai tsaro ta taka ta ciki, yana hana karo.

Kaya ne ke cin kuɗi. Safar hannu tara, a ciki a samu ɗaya ko biyu na bahagwai. Kayan mai tarewa cikakku, abin rufe fuska mai kare maƙogwaro da sulken ƙirji da na ƙwauri, wannan ba a yin rangwame a kansa. Hular kwano biyar, ta mai bugu da masu gudu uku da mai jiran layi. Kulki uku ko huɗu masu tsawo daban-daban, doka ta tsaya a santimita 86.4. Don ƙungiyar da kowa ke amfani da kulki ɗaya, na alminiyam ya fi, mai tsadar nan na kabon tsagewa yake yi. Ƙwallo dozin biyu. Duk kayan ƙungiya guda ba lallai su kai kuɗin tikitin mutum biyu ko uku zuwa wata nahiya ba.

Malam Nasiru: To Koci, wa zai sa yarinya ta zo filin naka? Yaro yana bin abin da ya gani ne. Ga Meziko. Ta je Tokyo, ta zo ta huɗu bayan Kanada ta doke ta 3 da 2 a wasan tagulla. A Janairun 2024 aka buɗe lig ɗin ƙwararru ta mata a ƙasar da ƙungiyoyi shida, ƙungiyoyin besbol na maza ne suka ɗauki nauyi. Ku ce min ba Olamfik ce ta buɗe musu ido ba.

Sadiya: Meziko hujjarka ce Yaya, ban ƙwace maka ba, amma rabinta namu ne. Kusan duk 'yan tawagar da suka je Tokyo a Amurka aka haife su, jami'o'in Amurka suka horar da su, asalin iyaye ne ya ba su riga. Haka Girka ta yi a 2004 da take mai masauki, ta ɗebo 'yan asalin Girka daga Amurka. Bayan an tashi, ina sofbol ɗin Girka yake a duniya yau? Bambancin Meziko shi ne tana da filayen besbol da kulob-kulob da 'yan kallo da suka san dokar wasan tun kaka da kakanni, musamman a arewacinta. Da hasken ya zo ya tarar da wurin zama. Girka kuwa bai tarar da komai ba.

Alhaji Bala: Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa juna game da ita Olamfik ɗin. Sofbol ba ya cikin wasannin dindindin. A 2009 ya nemi komawa, aka ɗauki golf da rugbi. A 2013 hukumar besbol da ta sofbol suka haɗe suka zama WBSC don su nema tare, a taron Buenos Aires aka ba kokawa gurbin. Abin da ya dawo da shi sauyin dokar 2014 ne da ya ba mai masauki damar ƙara wasannin da yake so. Tokyo ta so, aka buga. Paris ba ta so ba, ba a buga a 2024 ba. Los Angeles ta so, aka amince a Mumbai a 2023. Wane shiri na shekara goma za ka ɗora a kan abin da ya danganta da ra'ayin mai masauki?

Sannan ƙofar ta ƙanƙance. Daga 1996 zuwa 2008 ƙasashe takwas ne. A Tokyo shida, 'yan wasa 15 kowacce, mata 90 a duk duniya. Turai da Afirka gurbi ɗaya aka haɗa musu, aka buga a Utrecht ta Holan a 2019, Afirka ta Kudu da Botswana suka je, Italiya ta ɗauke. Sin ma, mai azurfar 1996, a gidanta Shanghai aka yi wasan neman gurbi, Ostareliya ta wuce ta bar ta. Hukumar da ta ce wa ministanta a ba mu kuɗi za mu je Olamfik, alhali ta san wannan, ba ta gaya masa gaskiya ba, kuma ranar da ya gane ba zai sake sauraron ta ba.

Kada mu manta an buga sofbol a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Gasar ƙasa da ƙasa ce, a gida, da kuɗin gwamnati. Daga baya wasan ya fita daga jadawalin gasar. In gasa kaɗai ke dasa wasa, da yau ba sai mun yi wa mutane bayanin mene ne sofbol ba.

Malam Nasiru: Allah ya ƙara girma, wannan misalin ai nawa ne. An yi sau ɗaya a Abuja aka daina. Da an ci gaba duk shekara huɗu, da dole kowace ƙasa ta riƙe tawaga. Laifin rashin ɗorewa ne, ba laifin gasa ba.

Hajiya Rabi: Nan kam mun kusa haɗuwa Malam, amma sai ka sauka daga kan Olamfik. Gasar da ke gina wasa ita ce wadda ake yi a kai a kai, kusa da gida, tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa. Turai tana gasar nahiya tun 1979, Italiya da Holan suka daɗe suna musayar kofi, ga gasar kulob-kulob, ga ta matasa, yawanci tafiyar mota ko gajeren jirgi. Shi ya sa duka biyun suka kasance cikin takwas ɗin da suka buga ƙarshen kofin duniya na 2024 a Castions di Strada ta Italiya. Asiya tana da shi a wasannin nahiyarta tun 1990, nahiyar Amurka tun 1979.

A can sama kuwa matsalar daban ce. Tun 1986 babu wanda ya ɗauki kofin duniya na mata sai Amurka ko Japan. Zinare biyar na Olamfik, uku na Amurka, biyu na Japan. A Athens 2004 Amurka ta ci 51, aka ci ta 1 a duk gasar, kuma shekara guda bayan nan aka kaɗa ƙuri'ar Singafo. Mutane da yawa suna ganin wannan rinjayen ya taimaka wajen cire wasan. Ɗan kallon da ya san ƙasarsa ba ta da rabo ba ya zama. Don haka ko don a riƙe kujerar Olamfik ɗin da kake so, sai ƙasashe goma ko sha biyu sun iya doke juna, kuma hakan daga masu jifan da Malama Zulai ta bayyana zai fito. Tsarin da WBSC ta kawo na raba kofin duniya gida biyu, rukuni uku na ƙasashe shida a 2023 a Ailan da Sifaniya da Italiya, sannan ƙarshe a shekara mai zuwa, ya fi na da, don ƙasashe uku sun ga wasan a gidansu. Amma bai warware lissafin Alhaji ba.

Koci Ɗanladi: Shi ya sa nake ganin Baseball5 ita ce ƙofar ƙasashe masu tasowa. Mutum biyar kowane gefe, maza da mata a haɗe, ƙwallon roba kawai, da hannu ake bugawa, ba kulki ba safar hannu. Tashoshi mita 13 tsakani, filin mita 18 da 18, ko a farfajiyar makaranta. An yi kofin duniyarta na farko a 2022 a dandalin Zócalo na birnin Meziko, Kuba ta ɗauka, kuma tana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026. Ga gasar ƙasa da ƙasa da Malam Nasiru ke so, a Afirka, ba tare da kwantenar kaya ba.

Malama Zulai: Koci, tana koyar da gudu tsakanin tashoshi da cafe ƙwallo da sanin inda za a jefa, ban raina wannan ba. Amma babu mai jifa a cikinta, babu mai tarewa, babu kulki. Abubuwa ukun da suka fi wuyar koyo a sofbol su ne aka cire. Tsorona hukuma ta ga ta fi araha kuma tana kawo tafiya waje da wuri, ta tattara komai can, a wayi gari sunan sofbol yana kan takarda amma babu yarinya ɗaya da ta iya zagaya hannu. In za a yi, a yi ta ga 'yan shekara takwas zuwa sha ɗaya, a tsamo masu ƙarfin hannu a fara musu murza wuyan hannu tun a lokacin.

Malam Nasiru: Na karɓi maganar gasar kusa da gida, na kuma karɓi cewa kai tawagar da ba ta da mai jifa kofin duniya asara ce. Amma ban janye ba. Ostareliya ce za ta karɓi ƙarshen kofin duniya na 2027 a Redcliffe, kusa da Brisbane mai masaukin Olamfik ta 2032, kuma ƙasa ce da ta ci lamba a Olamfik huɗu na farko a jere. In Brisbane ta ɗauki wasan, karo na farko ke nan tun 2008 da zai fito sau biyu a jere, hukumomi su samu shekara takwas da za su nuna wa gwamnatocinsu. Yarinyar da Malama za ta fara koya wa riƙon ƙwallo yau, wannan ƙuri'ar ce za ta nuna ko akwai kasafin da zai biya kocinta.

Alhaji Bala: To in kuɗin ya fito ta wannan ƙofar, Nasiru, a rubuta tun a takardar neman cewa kaso mafi girma na lig ɗin makarantu ne da horar da koci da alƙalai, tafiyar farko kuma ta 'yan ƙasa da shekara 15 ko 18 ce zuwa maƙwabta, wasa uku ko huɗu da ƙasa ɗaya cikin mako guda, kowanne a buga shi zagaye bakwai cif ko da rata ta yi yawa, tunda wasan sada zumunci ne kuma ɓangarorin biyu na iya yarda da hakan. A gayyato kociyar jifa daga Japan ko Holan ta yi wata uku tare da malaman motsa jiki, tikitin mutum ɗaya ne maimakon ashirin da biyar. Alƙalai kuma a fara da biyu a kowane wasa, ɗaya a bayan gida ɗaya a tashoshi, a koya musu kiran jifan haram tun daga wasan yara.

Malama Zulai: A ƙara da masu tarewa Baba. Duk mai jifa ɗaya da za a horar, a horar da mai tarewa tare da ita, da cikakkun kayanta, don ba wadda za ta tsuguna gaban jifan kilomita 90 da fuska a buɗe.